Kada Ka Janye Tambayar Burtali

Zuwa ga angona, Depite Hamisu,

Kafin in gaishe ka, amsa mini wannan tukuna, tunda an ce ku ne masu ilmin ƙasa. Wane abu ne ba shi da ƙafa, ba shi da fiffike, amma ya yi tafiya shekara goma sha bakwai, kowace damina taku ɗaya, fuskarsa gabas, sannan ya koma gida cikin yini guda? Riƙe ta a kumatu kamar goro, kada ka tofar. Kuma kada ka leƙa ƙarshen takarda. Na san halinka, tun kana lakol, makarantar boko, daga baya kake fara buɗe littafi.

To, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka gama zagayen Gidan Rumji da Tibiri lafiya, kuma takardar nan ta riske ka a Maraɗi kafin motarka ta ɗauki hanyar Yamai. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya tsare ka daga bakin mutane, ya kuma tsare mutane daga shirunka. Ina gaida matarka da yara.

Kwana tara ka yi a gida, ban samu kunnenka ba ko na tsawon shan fura. Tun da safe zaure cike: wannan na son a sa ɗansa aiki, wancan injin ban ruwa, wancan kuma ya zo ne kawai a gan shi zaune kusa da depite, ɗan majalisa. Ni da na wanke maka gindi sai in tsaya bayan layi? Na ce a'a. Na ɗauko kaye da bik, littafin rubutu da biro, na ce bari karatun yaƙi da jahilcin da muka yi rani uku a gindin bedi ya yi amfani yau. Inda harafi ya karkace ka miƙe shi, ai don gyara aka kai ka Yamai.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Magana ɗaya ce.

Ka rubuta tambaya ga minista a kan burtalin da ya bi ta gabas da garinmu, hanyar dabbobin nan da gonaki suka cinye, kana neman a turo masu awo su kafa turakun siminti kafin shanu su sauko daga arewa. An sa ta cikin jerin ranar Asabar ta mako mai zuwa. Ranar Talata Alhaji Sabi'u, shugaban jam'iyyarku na nan, wanda ya kewaye wani yanki na burtalin da waya ya shuka gyaɗa, ya zo ya same ka. Ina bayan danga ina ɓarar wake. Kunnena bai tsufa ba sai in ana kirana aiki.

Ya ce, "Depite, kai yaro ne, kuma kujerar nan ba gadonta ka yi ba. Ka bar maganar burtali."

Ka ce, "Alhaji, shanu na saukowa, hanya ba ta ɗaukar su."

Ya ce, "To, tashi ka yi. Amma ranar da ka tashi, akwai wanda zai tashi bayanka ya tambaye ka, rediyo na ɗauka, gonar gidanku ta gabas a ina ta tsaya."

Da zai shiga mota na ji ka ce, "Zan duba, Alhaji."

Kai ba ka gane inda ya dosa ba, na gani a fuskarka. Ni na gane. Waken da ke cinyata ƙasa ya zube.

Hamisu, shekara biyu ke nan kana majalisa. Duk ranar da rediyo ta sa muhawara, tsofaffi kan taru a ƙofar Maigari, mu mata muna daga bayan zana. Sau nawa muka ji sunanka? Ranar da aka kira suna ka amsa. Ranar da aka karanta 'yan kwamitin raya karkara, sunanka na shida, na ƙirga. Sai ranar da ka miƙe ka ce ka goyi bayan wanda ya yi magana kafin kai, ka zauna, kafin in gama cewa a yi shiru ga nawa nan. Ƙawata Indo ta ce, "Hajo, angon naki ko tari ba ya yi?" Na ce mata cikin kwamiti kake aiki, can ake dafa magana, babban zauren wurin rabawa ne kawai. Haka ka gaya mini, haka na faɗa. Na san hannunka ya tashi sau da yawa, kasafin kuɗi biyu da dokokin da ban san kansu ba. Amma rediyo ba ta nuna hannu, angona. Wannan tambayar ita ce abu na farko da ka kai majalisa da sunanka a kai, ita kuma ake so ka janye.

Ba zan zarge ka ba sai na fara da kaina, don ni ma an taɓa aike na.

Shekarar da rijiyar gari ta rufta, matan garin nan suka zaɓe ni in je Agye, lokacin can buro ɗinmu, ofishin hukuma, yake, in gaya wa wani babba da zai zo daga Maraɗi cewa rabin safiya muke tafiya neman ruwa. Don bakina suka zaɓe ni, kowa ya san ba a gama magana da Hajo. Indo ta ara mini zane, wata ta ara mini takalmi, aka ɗora ni kan amalanke har bakin titi. Da na isa aka zaunar da ni kan wata kujera mai laushi, irin wadda in ka zauna sai gwiwarka ta nemi haɓarka. Aka kawo shinkafa da nama. Aka buɗe mini lemon kwalba mai sanyi, abin da bai taɓa shiga bakina ba. Sai wani mai tabarau ya sunkuyo ya ce, "Inna, in an ba ki magana ki taƙaita, babban ya gaji, kuma ya riga ya san matsalarku." Da aka ce matan karkara su yi magana, na miƙe, lemo na sa ni gyatsa, na ce mun gode, Allah ya ƙara girma, Allah ya mai da ku gida lafiya. Aka tafa mini. Wallahi na ji daɗin tafin nan har cikin ƙashi.

Na dawo na tarar da mata a bakin gari da tulunansu. Suka ce, "Kin faɗa?" Na ce, "Na faɗa." Rani biyu muka ƙara muna wannan tafiyar. A na biyun Indo ta yi ɓari a hanyar ruwa, tulu a kanta. Har yau ba ta san ban faɗa ba, ita ce kuma ke tsokanata da shirunka.

Don haka ka kula da mai sunkuyowa ya ce ka taƙaita. Ba da ɗaure fuska yake zuwa ba, da murmushi yake zuwa, yana kiranka ɗan'uwa. Abin da aka aike ka, ka sauke shi kafin ka sa hannu a kwanonsu. In kuma aka tafa maka a Yamai, tsaya ka tambayi kanka me ka bari ba ka faɗa ba.

Wannan ƙaramin kuskure ne. Ga babban, shi ne wanda Alhaji ke riƙe da shi.

Ka san mu ba asalin manoma ba ne. Ubana da raƙuma da awaki ya sauko daga arewa, ta cikin burtalin nan ya bi, ina 'yar mitsitsiya a kan jaki tsakanin tabarmi da ƙore. Ina tuna faɗinsa: garke biyu kan wuce ba su gogi juna ba. Ta gefen gonaki akwai wata aduwa inda ake sauke kaya a huta. Da dabbobi suka ƙare a shekarar yunwa muka zauna, aka ba mu wuri, na auri kakanka, wanda ka ƙwace ni daga hannunsa. Shi ya dasa gamba a iyakar gonar gabas, gindi goma sha biyu a jere, kamar yadda kowa ke yi don a san inda gona ta tsaya, inda hanyar dabbobi ta fara. Daga gambar zuwa aduwa taku goma ne.

Kakanka ya rasu. Ubanka, wanda ko a takarda ba zan kira sunansa ba, ya bi shi ba da jimawa ba. Aka bar ni da kai, da baffanka Sale yana saurayi, da rumbu ɗaya da ba ya kai mu bazara. Daminar farko, wata Juma'a bayan an yi ruwa, maza duk sun tafi masallaci, na ɗauki dagi. Gamba in ƙasa ta jiƙe ba ta da wuyar tugewa, da ƙasarta take fitowa. Na matsar da kowane gindi taku ɗaya cikin burtali, na danne da ƙafa, na share sawuna da reshen kalgo. Kwana uku ta yi kore shar kamar a can ta tsiro. Na ce wannan shekarar kaɗai.

Na san yanzu ka fara murmushi, ka ce ka kama tsohuwa. Rabi ka kama. Ci gaba da karatu.

Ba zan ce duka yunwa ce ba. Yunwa ce shekara huɗu na farko. Sauran daɗi ne. Nakan dawo gida ina dariya ni kaɗai, ina ganin na fi duk mazan garin nan wayo: suna can suna gyangyaɗi a huɗuba, ni ina nan ina ƙara gona. Baffanka ya lura tun da wuri, ya ƙara iri kawai. Ban daina ba sai da gwiwa ta ƙi. Da haka aduwar nan da ubana ya sauke ni a ƙarƙashinta ta shigo cikin gonarmu. Kai ma ka sha cin tuwo a inuwarta ranar noma.

A majalisa ma haka za a zo maka. Ba wanda zai ce ka sayar da garinku. Za a ce wannan karon kaɗai ka ɗaga hannu, wannan karon kaɗai ka janye, zama na gaba sai ka mai da ita. Ni ma kowace damina haka nake gaya wa kaina, da dagi a hannuna. Ba a jin nauyin taku ɗaya. Sai ranar da ka waiwaya ka ga itacen mutane a cikin gonarka.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai, ban san ko ka tuna ba. Kana shekara tara, zazzaɓi ya hana ka bin baffanka masallaci, ka lallaɓo ka biyo ni gona. Ina cikin danne gindi na uku na ji muryarka a bayana.

"Tsohuwa, mi gambar ta yi miki?"

Na kama kunnenka na murɗa har ka ɗaga ƙafa. Na ce ɗan gidan mutunci ba ya tambayar abin da babba ke yi, kuma in na ƙara jin wannan magana a bakinka sai na kai ka rugar Fulani na musanya ka da nono. Ka koma gida riƙe da kunne. Daga ranar ka zama yaron da kowa ke yabo. Mushe, malamin lakol, ya ce ba ka da surutu, liman ya ce kana da ladabi, har jam'iyya da ta tashi neman wanda za ta sa a jeri ta ce a kawo Hamisu, ba ya gardama. Ni na yi wannan aikin, kuma na yi shi da kyau. Yanzu ƙasa ta ba ka kujera don ka yi tambaya, kai kuwa duk sanda babba ya kalle ka, hannuna kake ji a kunnenka. Na saki kunnen, Hamisu. Naka ne. Tambayar da ka yi mini ranar nan tambaya ce mai kyau, ni ce ba ni da amsa.

Saura ɗaya, sannan in bar ka ka huta da laifuffukana.

Shekarar da gamba ta wuce aduwa, saniyar Manu, wanda yanzu shi ne arɗon Fulanin da ke bi ta nan, ta tsaya inda ta saba tsayawa, inuwar aduwar, ta ci kan gero kamar ashirin. Na yi kururuwa har na tabbata an ji a Gangara. Aka kai mu gaban Maigari, uban na yanzu. Manu ya tsaya da sandarsa a kafaɗa ya ce, "Inna, nan ubana ya bi, nan na bi bara. Saniyar ba ta sake hanya ba." Ya dube ni, kuma ya san ko 'yar wa ce ni. Na ce a je a tambayi gamba. Aka je, aka ga gamba kore a layinta, aka ci shi tarar akuya. Akuyar nan tagwaye ta riƙa haifa mini, nononta ka sha har ka yi kumatu.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne mutane ba makafi ba ne. Maƙwabta sun ga aduwa ta shiga gonar Hajo, kuma shari'a ta ba Hajo gaskiya. Damina ta gaba gambar maƙwabcinmu na kudu ta tashi, ta na arewa ta tashi, na wancan gefen ma suka fara tasowa daga gabas. Alhaji Sabi'u shi bai tsaya wasa da ciyawa ba, waya ya kawo da turakun ƙarfe. Yanzu wurin da garke biyu ke wucewa, mai amalanke sai ya sauko ya ja jakinsa da hannu. Ka ga abin da ya faru bara, faɗan samarin gari da makiyaya. Kai ka ɗauki Iliya ɗan Indo a motarka zuwa likita, hannunsa na dama har yau ba ya riƙe fartanya. Saurayin Fulanin da aka fasa wa kai kuwa ba wanda ya kai shi ko'ina, ko sunansa ban sani ba.

Ka riƙe wannan: in ka ci nasara da ƙarya a gaban jama'a, ba nasara kaɗai ka ci ba, darasi ka koyar. Ranar da ka janye tambayar nan, duk wani mai waya da turaku daga nan har Sae Sabuwa zai san yadda ake sa depite ya zauna.

Bana ta fi bara. Gero ya yi kyau amma bai gama bushewa ba, tabkunan arewa kuwa an ce sun ja da wuri, shanu ba za su jira ranar da hukuma za ta sa ta sakin gonaki ba. Samarin gari sun yawaita zama a maƙera, kuma ba lauje suke wasawa ba. Ranar da ka tafi na sa aka kai ni rugar Manu a amalanke. Na same shi zaune yana tufka, ya tsufa kamar ni, gemu fari fat.

"Arɗo, ina gajiya?"

"Inna Hajo! Yau ke ce a ruga? Ko wata saniyar ce ta sake shiga gonarki?"

"Ba faɗa ya kawo ni ba. Yaranku yaushe za su iso?"

"Kwana ashirin, ko ƙasa da haka." Ya ajiye igiyar. "Inna, yaran yanzu ba su jin tawa. Wanda aka fasa wa kai bara yana cikinsu, da 'yan'uwansa. Sun aiko cewa in hanya ba ta buɗe ba, su za su buɗe ta. Maigari ba ya iya taɓa wayar Alhaji, kin sani, na sani. Sai magana ta fito daga sama, kowa ya ji ta a rediyo. An ce jikanki zai yi magana. Zai yi?"

Na ce, "Zai yi."

Da na faɗa, muryata ta yi mini kama da ta ranar da na dawo daga Agye.

Jiya na sami baffanka yana gyaran rumbu. Na ce masa yankin nan na gonar gabas ba namu ba ne, ya kamata ya koma.

Ya ce, "Inna, baki goma sha ɗaya nake ciyarwa. Wurin nan shi ya fi ko'ina a gonar, shekara nawa shanu suna kwana a kansa. Kowa ya ci, sai mu za mu amayar?"

Na ce, "Mu muka fara."

"To, a bari a yi girbi."

"Shanu ba za su bari ba."

"Wato don Hamisu ya yi suna a rediyo za ki kwashe tuwon ɗiyana?"

Wannan ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta. Ya jefar da igiya ya fita. Na je wurin Maigari, shi ma ya ce a bari bayan girbi, kada a tayar da abin da ke kwance. Ba kwance yake ba, tafe yake, da ƙafa huɗu da ƙaho.

Kada ka riƙe baffanka a rai. Shi ya yi noma kai ka yi lakol, kuma rumbun da zai ragu nasa ne, ba naka ba. Duk yadda ta kaya, ka tuna da gidansa bana, ba sai ya roƙa ba, don ba zai roƙa ba. Taurin kansa nawa ne.

To, ga abin da nake so ka yi, in har ni matarka ta fari ina da sauran magana a wurinka.

Daga ranar Alhamis ka kashe wayarka. In aka ce an sa ka cikin tawagar da za ta tafi wani aiki ranar Juma'a, da masauki mai kyau da komai, ka ce ka gode, kana da zama. In kanka ya yi ciwo ranar Asabar da safe, ka sha magani ka tafi da ciwon, na san irin wannan ciwon kan, ba ya kisa. Ka ci abinci a gidanka. In an kira sunanka ka tashi.

Kada ka fara da Alhaji, kada ma ka kira sunansa. Ka fara da gidanku. Ka ce, ni jikan matar da ta fara cin burtalin nan ne, geron da aka noma a kansa shi ya kai ni lakol, kuma ga ni na zo neman a auna, a fara daga gonarmu. Abin da ka riga ka faɗa da bakinka, ba mai tashi bayanka ya tsorata ka da shi. In ka ga Faransanci zai ba ka wurin ɓuya cikin manyan kalmomi, yi da Hausa, ai akwai tafinta, kuma masu zaman maƙera da Hausa suke ji. Ka gaya wa minista kwana nawa suka rage. Kada ka zauna sai ya faɗi ranar da masu awo za su zo. In ya ce zai duba, ka tambaye shi yaushe, kai ma ka san abin da wannan kalmar ke nufi.

Ka kira sunana in kana so. Na daɗe ina marmarin jin sunana a rediyo, ban dai zaci ta nan zai biyo ba.

Ban ce ba za ka yi asara ba. Mai yiwuwa jam'iyya ta cire sunanka daga jeri a zaɓe mai zuwa. Manoman da suka jefa maka ƙuri'a, da yawansu gambarsu ta yi tafiya, za su ce ka sayar da su ga Fulani. Wasu za su daina gaishe ni, wasu kuma za su fara, don su ga yadda fuskar ɓarauniyar burtali take. Duk na ɗauka. In kujera ta tafi ka dawo, tabarma na nan. Da ma ƙyallen tutar nan da kake ratayawa bai yi maka kyau ba, ban dai faɗa ba ne don kada in ɓata maka rai gaban baƙi. In kuwa ka janye, aka zubar da jini a gindin aduwa, kujerarka na nan daram, amma ban san da wace fuska za ka sauko daga mota a garin nan ba. Ni kuma na riga na ce wa Manu za ka yi. Sau ɗaya na dawo na ce na faɗa alhali ban faɗa ba. Shekaruna ba su da sauran wurin na biyu.

Ranar Asabar zan sa a kai mini tabarma ƙofar Maigari, ba bayan zana ba, gaba. Indo za ta zauna kusa da ni, kuma kafin a buɗe rediyo zan gaya mata maganar rijiya. Ka ga kowa da nasa zaman majalisar.

Allah ya kai ka Yamai lafiya, ya kiyaye ka daga hatsarin hanya da na kujera. Allah ya ƙarfafa ƙafarka in ka miƙe, ya kwance harshenka, ya sa a ji ka. Allah ya tsare samarin garin nan da samarin da ke bayan shanu, ya sa kowa ya koma wurin uwarsa da ƙafarsa. Allah ya yafe mini abin da na yi da dagi da abin da na yi da baki, ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya, da kujera ko babu. Amin.

Kakarka, wadda har yanzu ba ka kawo wa zanen da ka yi alkawari ba,
Hajo

Amsar tambayata: gambar iyakar gonarmu ta gabas ce. Yau Juma'a na jira sai da maza suka fito daga masallaci, na tsaya a hanyarsu da dagi a hannu, suka biyo ni, Maigari da liman da Arɗo Manu a gaba. Gindi huɗu na tuge da kaina, Manu ya karɓi dagin ya ƙarasa takwas. Tana nan inda kakanka ya dasa ta. Aduwa ta koma burtali, ita da geron da ke kewaye da ita. Baffanka bai zo ba.